Ruwa nawa ke sauka daga kan rufi?

A garin Gaya, idan hadari ya taso daga gabas, kowa ya san abin yi. Mata su kwashe shanya, a shigar da awaki, yara su ruga da bokiti da ƙwarya su jera a bakin ɗaki. Kafin a jima ruwa ya kece. Rufin tol ya ɗauki ƙara, har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Bokiti ya cika, a sauya wani, shi ma ya cika. Tano ya cika ya tumbatsa. Sauran ruwan kuwa sai ya bi tsakar gida, ya fita ta rariya, ya bi titi, ya gangara kogi.

Bayan wata shida ko bakwai, cikin zafin bazara, yaran nan ne dai za a gani da bido bisa kai, suna jiran layi a famfo ko a bakin rijiya.

To, ruwan nan da ya wuce, nawa ne? Idan aka tambayi mai gida sai ya ce yana da yawa. Idan aka ce tano nawa zai yi, sai ya yi dariya ya ce wa ya taɓa ƙirga ruwan sama. Alhali ana iya ƙirga shi. Ɗan makarantar da ya iya lissafin sau zai iya, ba tare da ya hau rufi ba, ba tare da ya jiƙe ba.

Gaya da ruwanta

Gaya tana can kudancin jihar Dosso, a bakin kogin Isa, wanda ake kuma ce wa Kwara. Idan aka haye kogin an shiga Malanbil, cikin ƙasar Benin. Idan aka yi gabas kaɗan an isa Kamba, cikin Najeriya. Yankin Gaya shi ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Jamhuriyar Nijar. Shi ya sa ake ganin rake da shinkafa da rogo a can, ga kurmin giginya a cikin Dallol Mawuri.

Lokacin damana, gidan rediyon Muryar Sahel yakan karanta yawan ruwan da aka samu a garuruwa. Sai a ji an ce wuri kaza milimetir 12, wuri kaza milimetir 40. Idan aka tara na shekara duka, Gaya takan samu wajen milimetir 800. Yamai takan samu tsakanin 500 da 600. Agadas ba ta cika wuce 150 ba. Bilma kuwa, can cikin hamada, ko 20 ba ta kaiwa. A Kwatano, bakin teku, ruwan yakan kai wajen 1 300.

Wani abu a nan yana ɗaure wa yara kai. Milimetir ma'aunin tsawo ne, da shi ake auna kaurin littafi ko tsawon allura. Ruwa kuwa da litar ake auna shi. Yaya aka yi ruwan sama ya koma milimetir?

Milimetir ɗaya, litar ɗaya

A ɗauka akwai wani fili shimfiɗaɗɗe da aka dabe da siminti, aka kewaye shi da ɗan gini. Ruwa ba ya nutsewa, ba ya fita, rana ba ta shan shi. Idan aka yi ruwan sama, zai kwanta a filin nan kamar tabarma. Sai a tsoma rula a ga zurfinsa. Idan zurfin ya kai santimetir 2, an yi ruwa na milimetir 20 ke nan, tunda santimetir ɗaya milimetir 10 ne. Abin da rediyo ke faɗi ke nan: zurfin da ruwan zai yi da ya tsaya inda ya faɗi.

Saboda haka milimetir 800 na Gaya santimetir 80 ne. Da ƙasa ba ta shan ruwa, da rana ba ta busar da shi, da kogi ba ya kwashe shi, to a ƙarshen damana ruwa zai kai wa ɗan aji uku har wajen ƙirji, a ko'ina cikin gari.

Yanzu a zana murabba'i a ƙasa, tsawo metir ɗaya, faɗi metir ɗaya. Wannan shi ne murabba'in metir, magina suna ce masa metir kare. A yi tunanin akwati bisa kansa, mai tsayi metir ɗaya shi ma. Akwatin nan yana cin litar 1 000 daidai. Tsayinsa kuma milimetir 1 000 ne. Idan litar 1 000 ta cika milimetir 1 000, to kowane milimetir ɗaya na zurfi litar ɗaya ne.

Ana iya gwadawa. A shimfiɗa leda a wuri mai daidai, a tokare gefenta da itace huɗu masu metir ɗaya ɗaya, a juye litar ɗaya ta ruwa. Ruwan zai bazu, ya yi siriri ƙwarai, kaurinsa bai wuce na kwali marar kauri ba. Milimetir ɗaya ke nan. A zuba litar 10, zurfin ya zama santimetir ɗaya.

Ga ƙa'idar da za a riƙe:

milimetir 1 bisa murabba'in metir 1 = litar 1

Wannan daidaituwa da gangan aka yi ta. A shekarar 1795 aka kafa dokar ma'aunan metir da litar da giram a ƙasar Faransa, aka ɗaura kowane bisa ɗan'uwansa don lissafi ya yi sauƙi. Shi ya sa ma litar ɗaya ta ruwa take da nauyin kilo ɗaya. Za a dawo ga maganar nauyin nan, don tana da muhimmanci ga masu ɗakin soro.

Auna ruwan da ya sauka

Ma'aikatar meteyo tana da tasha a Gaya, inda ake auna ruwa kowace rana da ma'auni na musamman. Aikin ya daɗe a duniya. Tun a shekarar 1441, a ƙasar Koriya, zamanin sarki Sejong, aka ƙera ma'aunin ruwan sama na ƙarfe, daga baya aka rarraba irinsa a larduna don a san yadda noma zai kasance. A Yamai kuwa akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, bayan babban farin 1973. Tana tattara awon ruwa na ƙasashen Sahel.

Amma kowace makaranta tana iya yin nata ma'auni. Abin da ake bukata shi ne gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, gefensa a miƙe, kamar babban gwangwanin tumatir ko na madara. A cire murfin duka. Bokiti ba zai yi ba, domin bakinsa ya fi gindinsa faɗi: yana tarar ruwa da yawa, ya tara shi a wuri ƙarami, sai zurfin ya wuce gaskiya. Kwalba ma ba za ta yi ba, ita bakinta ya yi ƙanƙanta.

A ɗora gwangwanin bisa turke, a fili, nesa da itace da bango da bakin rufi. A ɗaure shi don kada iska ta tuntsurar da shi, a kuma tabbata bai karkace ba. Da an ɗauke ruwa, ko kuwa kowace safiya a lokaci ɗaya, a tsoma rula a karanta, a rubuta a littafi tare da kwanan wata, a zubar da ruwan. Idan aka bari rana ta take, za ta sha wani abu daga ciki. A kula da rula kuma: wata sifirinta ba a bakinta yake ba. Gara a tsoma busasshen tsinke, a fitar, a auna inda ya jiƙe.

Yara sukan yi gardama, su ce babban gwangwani zai fi ƙarami zurfin ruwa. A ajiye su biyu kusa da juna a gani. Babba ya fi tarar ruwa, gaskiya ne, amma gindinsa ma ya fi faɗi, sai ruwan ya bazu. Zurfin zai fito ɗaya.

Auna rufi daga ƙasa

Abu na biyu shi ne filin rufi. A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sukan ƙirga fallayen tol, ko su hau su auna gangaren rufin. Wannan wahala ce ta banza, kuma amsar takan wuce kima.

A ɗauki faifai a riƙe shi a kwance cikin ruwan sama, zai tari ruwa sosai. A karkata shi, ya tari kaɗan. A tsayar da shi kamar bango, kusan ba ya tarar komai. Faifan bai ragu ba, abin da ya ragu shi ne wurin da yake tarewa. Haka rufi yake. Ruwan da yake samu shi ne wanda da zai faɗi a ƙasar da ya rufe. Ɗaki biyu masu tsawo ɗaya da faɗi ɗaya, wannan rufinsa ya yi tsini, wancan a kwance, ruwansu ɗaya ne. Mai tsinin ya fi cin tol kawai.

Don haka a ƙasa ake awo. Bayan an yi ruwa, a duba gindin ɗaki: akwai layi inda ɗigon rufi ya tona ƙasa. Wannan layin shi ne iyakar rufin, kuma yakan zarce bango da rabin metir ko makamancin haka. Shi za a bi da igiyar awo. Idan babu igiya, a auna sanda mai metir ɗaya a yi ta ɗorawa.

Akwai maganar iska. A ƙasar nan hadari daga gabas yake zuwa, ruwan ya sauko a karkace. Shi ya sa bangon gabas ya fi zaizayewa, shi ake fara yi wa yaɓe. Gefen rufin da ke kallon gabas yakan fi samun ruwa, na yamma ya ragu. Amma abin da wannan ya ƙaru da shi kusan shi ne wancan ya rasa, saboda haka idan ana lissafin rufin duka ba a damuwa da iska.

A ɗauki aji mai tsawo metir 9, faɗi metir 7. Rufin ya zarce bango da rabin metir ta kowane gefe. Tsawonsa ya zama metir 10, faɗinsa metir 8.

10 × 8 = murabba'in metir 80

Wata rana aka yi ruwa, gwangwani ya nuna santimetir 3, watau milimetir 30. Kowane murabba'in metir ya samu litar 30.

80 × 30 = litar 2 400

Tano, wanda a Najeriya ake ce wa duro, yana cin litar 200. Ruwa ɗaya ke nan, na dare ɗaya, ya zuba tano 12 bisa aji guda.

Abin da ke ɓacewa a hanya

Ba duka ruwan da ya faɗi kan rufi ke isa tano ba. Wani yana fantsama. Wani iska ke kwashewa. Idan tol ya yi zafi, ɗigon farko yana bushewa nan take. Indararo yana yoyo a mahaɗi, ko ya cika ya zubar ta gefe. Masu wannan aiki sun auna sun ga rufin tol mai kyau yana ba da kashi 8 zuwa 9 cikin 10 na ruwan da ya sauka a kansa. Gara a ɗauki ƙaramin, watau 8 cikin 10, a rubuta 0,8. Wanda ya yi lissafi da ƙarami, idan ya samu ƙari ya ji daɗi. Wanda ya yi da babba shi ne ruwa ke yanke wa.

Cikakken lissafin ya zama haka:

filin rufi × milimetir na ruwa × 0,8 = litar da za a samu

Ga ajin nan, ruwan milimetir 30:

80 × 30 × 0,8 = litar 1 920

Bido 96 ke nan masu litar 20.

Aji yana iya binciken nasa rufin don ya ga ko 0,8 ɗin gaskiya ne. A rataya indararo mai metir biyu da rabi a gefe ɗaya na rufin. Daga bakin rufi zuwa tsakiyarsa metir 4 ne idan an auna a ƙasa, saboda haka filin da ke zuba cikin indararon murabba'in metir 10 ne. A kai bakinsa cikin tano marar komai. Idan gwangwani ya nuna milimetir 20, lissafi ya ce litar 200 ta sauka. Sai a kwashe ruwan tanon da bido a ƙirga. Idan bido 8 aka samu, litar 160 ke nan, 160 cikin 200 kuwa shi ne 8 cikin 10. Idan bido 5 aka samu, to a duba indararon, akwai inda yake zuba.

Wannan gwajin yana tuna wani abu. Rufi mai gangare biyu, rabin ruwansa gaba yake zuba, rabi baya. Wanda ya sa indararo a gefe ɗaya kawai, da rabin filin zai yi lissafi.

Rufin ciyawa labarinsa daban. Ciyawa tana shan ruwa, tana ɗigar da shi ta ko'ina a kewayen ɗaki, kuma ruwan yakan fito ja, da wari. Da wuya a samu fiye da kashi 2 cikin 10. Soro yana tsakani: ƙasar tana shan nata, sauran ya fito ta indararo da laka. Ya yi ban ruwan itace ko kwaɓin ƙasa, amma bai yi sha ba.

Na shekara duka

Yanzu a saka milimetir 800 na Gaya.

80 × 800 = litar 64 000

64 000 × 0,8 = litar 51 200

Tano 256 ke nan, daga rufin aji ɗaya. Idan ajin yana da yara 50, kowane yana bukatar litar 5 a rana don sha da wankin hannu, to litar 250 ake sha a rana. Ruwan rufin zai kai su kwana 204, kuma kwanakin karatu na shekara ba su kai haka ba. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: watan Yuli da na Agusta, lokacin marka, su kaɗai suna ɗauke da kusan rabin ruwan shekara, kuma a lokacin makaranta tana rufe, yara suna gona. Idan babu wurin ajiya, sai a dawo hutu a tarar ruwan ya tafi, ya bar kwazazzabo a gindin aji.

A kai wannan ajin Agadas, inda ruwan bai wuce 150 ba, abin da zai bayar litar 9 600 ne, tano 48. Rufi ɗaya, tol ɗaya, amma na Gaya ya ninka shi fiye da sau biyar.

Sai a yi hattara da 800 ɗin nan. Matsakaici ne, an tara na shekaru da yawa aka raba. Damana ba ta zuwa iri ɗaya. Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Mai son gina wurin ajiya ya kamata ya sake lissafinsa da shekara marar kyau, misali milimetir 600, ya ga abin da zai rage masa. Ga ajin nan zai zama litar 38 400.

Lissafin gida

A ɗauki gida mai mutum 8, da ɗakin tol wanda rufinsa ke da metir 6 da metir 5, watau murabba'in metir 30.

30 × 800 × 0,8 = litar 19 200

Hukumar lafiya ta duniya tana ganin mutum yana bukatar wajen litar 20 a rana, mafi ƙaranci, don sha da girki da ɗan tsabtar jiki. Mutum 8, litar 160 a rana. Idan aka raba 19 200 da 160 za a samu kwana 120, wata huɗu cur da ƴan mata ba za su je ɗaukar ruwa ba.

Amma gidan tano ɗaya gare shi. Ruwan milimetir 10 kaɗai, wanda manomi ba ya ma ce masa babban ruwa, yana ba da 30 × 10 × 0,8, litar 240. Tano ya riga ya cika ya zubar. Idan aka yi na milimetir 50, litar 1 200 za ta sauko, a tari 200, a yi asarar 1 000. Ashe abin da gidan ya rasa shi ne mazubi.

To, wane irin mazubi? A Gaya, daga watan Nuwamba har zuwa Afrilu ba a sa ran ruwan kirki, kwana 180 ke nan ko fiye. Idan gidan zai dogara ga ruwan rufi don komai, yana bukatar 160 × 180, litar 28 800. Rufin bai ba da haka ba ko a shekara mai kyau. Wannan shiri ya faɗi tun a takarda, kuma gara ya faɗi a takarda da a sayi siminti tukuna. Amma idan aka ce ruwan tanki na sha da girki ne kawai, litar 5 ga kowane mutum, wanka da wanki a ɗebo a rijiya, to litar 40 ce a rana.

40 × 180 = litar 7 200

Tankin siminti mai tsawo metir 2, faɗi metir 2, zurfi metir 2, yana cin akwati 8 irin na ɗazu, watau litar 8 000. Ya isa, har da ɗan saura. Rufin kuma zai cika shi ko da damana ba ta yi kyau ba, tunda 30 × 600 × 0,8 litar 14 400 ne.

Ruwan sama a kansa mai tsabta ne, ya fi na kogi da na tafki, inda ake kamuwa da tsargiya da gudawa. Rufin ne ke ɓata shi. Duk rani ƙura tana kwanciya a kan tol, ga kashin tsuntsaye da na ƙadangare, ga ganye. Saboda haka ba a tarar ruwan farko na damana, kuma a kowane ruwa ana barin na farko ya wanke rufi kafin a juya indararo cikin mazubi. A ɗaura ƙyalle mai tsabta ko raga a bakin shiga. A rufe tano da tanki ruf, domin sauro cikin ruwa a buɗe yake ƙwai, tanki a buɗe kuma haɗari ne ga ƙananan yara. Ruwan da ya daɗe a ajiye, a tafasa shi kafin a sha, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. Tanon da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko man mota a ciki ba a ajiye ruwan sha a cikinsa, ko an wanke.

Inda ruwan ke faɗuwa

Ko wanda ba ya son tarar ruwa yana bukatar wannan lissafi, saboda ruwan dole ya sauka wani wuri. Ruwan Sahel da ƙarfi yake zuwa. Milimetir 30 yana iya sauka cikin rabin awa. Bisa ajin nan, litar 2 400 cikin minti 30, watau litar 80 kowane minti: bido huɗu ana juyewa a gindin bango, minti bayan minti. Ƙaramin indararo ba zai iya ɗaukar wannan ba. Idan bangon na ƙasa ne kuma ruwan ya kwanta a gindinsa, tubali yana jiƙa, ya yi laushi, ginin ya fara zama. Shi ya sa magina ke fitar da bakin rufi nesa da bango, su yi dakali a gindi, su gyara rariya kafin damana.

A kan soro kuwa nauyi ne abin tsoro. A tuna litar ɗaya kilo ɗaya ce. Soro mai metir 5 da metir 4 yana da murabba'in metir 20. Idan ganye ko leda ko sheƙar tsuntsu ta toshe indararo, aka yi ruwan milimetir 50, ruwan ba shi da mafita.

20 × 50 = litar 1 000 = kilo 1 000

Buhun siminti 20 ke nan masu kilo 50 aka ɗora bisa azara, cikin dare, mutane suna barci a ƙasa. Ga kuma ƙasar rufin da ta sha ruwa ta ƙara nauyi. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba, amma ita ma tana da iyaka. A damanar 2024 ruwa ya yi ɓarna ƙwarai a Nijar. Fiye da mutum 300 suka rasu, da yawansu gini ne ya faɗa musu. Tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe a watan Satumba, aka kuma ɗaga komawa makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba. Leƙa indararo da sanda kafin hadari aikin minti biyar ne, kuma babban yaro yana iya yin sa.

Aiki

1. A auna rufin aji daga ƙasa, a bi layin ɗigo. A nemo filinsa. Tano nawa zai bayar a shekara mai milimetir 800?

2. Wani shago a kasuwar Gaya yana da rufin tol mai metir 4 da metir 3. Mai shagon yana da tano ɗaya. Ruwan milimetir nawa zai cika tanon, idan ana samun kashi 8 cikin 10?

3. Makaranta ta dasa itace 40. Kowane dashe yana shan litar 5, sau biyu a mako. Mako nawa tanki mai litar 8 000 zai kai su?

4. Kowane ɗan aji ya kafa gwangwani a gidansu. Bayan ruwa na gaba, a kawo awon a rubuta bisa allo, unguwa unguwa, a ga ko ruwan da ya sauka a bakin kogi ɗaya ne da wanda ya sauka a hanyar Dosso.